Kaset ɗaya, wasa ɗari biyu: yadda R4 da danginsa suke aiki, da abin da doka ta ce a kansu

Jim kaɗan bayan kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar gem ɗinsa Switch 2 ranar 5 ga Yunin 2025, aka fara samun rahoton mutanen da kamfanin ya toshe wa na'ura daga shiga intanet saboda sun zura mata wani kaset mai ɗaukar kwafin wasanni, mai suna MIG. Kafin labarin ya iso majalisun samari a Agege da Idi-Araba na Legas, an riga an ƙara masa gishiri. Wani ya ce an haramta duk kaset mai memori, wani ya ce na'urar ƙonewa take yi, wani kuma ya rantse shekara goma sha biyar yana amfani da R4 ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Uban da ya saya wa ɗansa tsohuwar DS, gem ɗin hannu na Nintendo, a kasuwar Computer Village bai san maganar wa zai kama ba.

Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa tambayoyi uku da ba ɗaya suke ba: shi kansa kaset ɗin, abin da aka loda masa, da kuma zamanin na'urar da aka saka shi a ciki. Idan aka raba su, yawancin gardamar takan kwanta.

## Me ake nufi da kaset mai memori?

Kaset ɗin gem na asali, irin wanda ake zura wa Game Boy ko DS, ɗan allon lantarki ne a cikin gidan roba. A kansa akwai ma'ajiyar da aka rubuta wa wasa ɗaya tun daga masana'anta. Ba ta gogewa, ba a kuma ƙara mata wani. Idan aka kwafo abin da ke cikinta aka mai da shi fayil a kwamfuta, wannan fayil shi ake kira ROM.

Kaset mai memori, wanda 'yan kasuwa ke ce wa filash ko su yi masa kuɗin goro da sunan R4, kamanninsa ɗaya da na asali, amma yana zuwa ne wayam. A jikinsa akwai ɗan rami da ake saka microSD, irin memorin waya. Da an kunna na'ura, kaset ɗin zai gabatar da kansa a matsayin halastaccen wasa, na'urar ta yarda da shi, sai jerin fayilolin da ke cikin memorin ya fito a fuska, mutum ya zaɓi wanda yake so. Manhajar da ke fito da wannan jeri ana kiranta kanel, kuma kowane samfurin kaset da irin tasa. Tunda wasan Game Boy Advance ba ya wuce megabait 32, na DS kuma ƙarshensa megabait 512, memori ɗaya kan ɗauki wasanni ɗaruruwa.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikita shi da su. Na farko manhajar kwaikwayo, wadda ke sa waya ko ƙananan na'urorin Sin irin Anbernic da Miyoo su yi kamar su ne Game Boy. A nan babu ainihin na'urar Nintendo ko kaɗan. Kaset mai memori kuwa a kan na'urar asali yake aiki, shi ya sa sauti da saurin wasan suke fita kamar yadda aka tsara su. Na biyu shi ne kaset ɗin nan da ake rubuta wa "208 in 1" a jiki. Da yawa daga na DS ɗin, in ka ɗaye takardar da aka manna, za ka tarar jabun R4 ne da memori a ɓoye, an riga an cika shi da kwafin wasanni.

Sai kalma ta ƙarshe, ƙirar gida: wasanni da manhajojin da mutane ke rubutawa da kansu ba tare da lasisin kamfanin na'urar ba. Ba sata ba ce, domin mai rubutawar shi ne mai haƙƙi. Makaɗa sun daɗe suna haɗa kiɗa a kan Game Boy da manhajar LSDJ, wadda ta fito a 2000. A kan DS an yi MoonShell mai kunna sauti da bidiyo, da Colors! ta masu zane. A 2019 kuma GB Studio ta fito, kyauta, tana ba wanda bai iya rubuta lambar kwamfuta ba damar ƙera wasan Game Boy. Duk wanda ya ƙera irin wannan yana so ya gan shi a kan na'ura ta gaske, hanyarsa mafi sauƙi ita ce kaset mai memori.

## Yadda R4 ya zama sunan kowa

Tun zamanin Game Boy Advance, wanda ya fito a 2001, akwai kasusuwan da ake rubuta wa wasa ta igiyar kwamfuta, amma suna da tsada da wahalar sha'ani. Da DS ta zo a 2004 da ramuka biyu, masu wannan harka suka fara bi ta ramin ƙasa na tsofaffin kasusuwa, tare da wata dabara da ke yaudarar ramin sama. R4 ne ya kawar da wannan ɗawainiya a wajajen 2007: kaset ɗaya, ramin sama, memorin waya, shi ke nan. DS ta sayu kusan miliyan 154 a duniya, don haka kasuwar ta yi faɗi sosai.

Masu R4 na asali ba su daɗe ba suka ɓace, sai sunan ya zama na duk wanda ya ga dama. Masana'antu daban-daban a Sin suka riƙa fitar da R4i Gold, R4i SDHC da makamantansu, ga kuma irin su DSTT, Acekard da SuperCard. Kasusuwa biyu na iya ɗaukar suna kusan iri ɗaya alhali cikinsu ya sha bamban, kuma kanel ɗin wannan ba ya tashi a wancan. Wannan shi ne sanadin yawancin "kaset ya mutu" da ake kai wa masu gyara: memorin ne ya lalace, ko an zuba kanel ɗin da ba nasa ba. R4 na farko ma ba ya karɓar memorin da ya wuce gigabait 2.

Wasu masana'antun sun dasa wa'adi a cikin kanel. Ranar na cika kaset ya ƙi buɗewa, ya ce manhajarsa ta ƙare aiki, don mai shi ya koma ya sayi sabon samfuri. Mai da kwanan watan na'urar baya ko sauya kanel kan warware matsalar. Abin ya fi muni a zamanin 3DS, na'urar da ta gaji DS: a farkon 2014 aka gano masu kaset ɗin Gateway sun saka umarnin da ke kashe na'ura idan ya ga alamar ana amfani da kwaikwayon kayansu. Wato masu kwafar wasan wani su ma ba sa son a kwafe su. Tsoron "kaset na ƙona gem" da ake ji har yau yana da tushe a irin wannan, ko da yake bai shafi R4 na DS ba.

A ɗaya gefen kasuwar akwai masu tsada da inganci, irin EverDrive da ake ƙerawa a ƙarƙashin sunan Krikzz na ƙasar Yukren, da EZ-Flash na Sin. Waɗannan ana sayar da su wayam, kuma masu tara tsofaffin na'urori ne suka fi nemansu.

## Me ya sa ya samu karɓuwa a Legas

Nintendo ba shi da ofishi a Najeriya. Na'urorinsa na shigowa ne ta hannun 'yan kasuwa, sababbi ko tokumbo, su sauka a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba International da ke Ojo, daga nan wasu su kama hanyar Kano da Kaduna. Tsohuwar DS kan zo cikin kwalin kayan gwanjo, sau da yawa ba caja ba kaset. Mai shago ya san babu wanda zai sayi gem ba wasa, shi ya sa tambayar farko da mai saye ke yi ita ce, "Oga, an loda?" amsar kuma ita ke yanke ciniki.

Ga kuma lissafin kuɗi. Wasan Mario Kart World na Switch 2 Dala 79.99 aka sa masa a Amurka, ita na'urar kuma Dala 449.99, lokacin da suka fito a 2025. A canjin tsakiyar 2025, lokacin da Dala ke kai-kawo a wajajen Naira 1,500, wasa ɗaya ya kai kusan Naira 120,000 tun kafin a sa kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa. A lokacin, mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne a wata, na Jihar Legas 85,000.

Dalili na uku bai da alaƙa da talauci. Nintendo ya daina ƙera 3DS a 2020, ya rufe shagonta na intanet a Maris ɗin 2023, ya kashe wasan haɗaka ta intanet a Afrilun 2024. Wasannin da a shagon kaɗai ake samunsu, ko da kuɗinka ba za ka saye su daga kamfanin ba yanzu. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Tsofaffin kasusuwan Game Boy kuma da ɗan batiri suke riƙe inda mutum ya tsaya. Batirin na mutuwa, ajiyar ta tafi.

## Abin da kotuna suka yanke a waje

A Yulin 2008 Nintendo da wasu kamfanoni 54 suka kai masu shigo da R4 ƙara a Japan, kuma a Fabrairun 2009 kotun Tokyo ta hana sayar da shi. A Yulin 2010 Babbar Kotun Ingila ta yanke cewa shigo da shi, tallarsa da sayar da shi duk sun saɓa doka. Wanda ake ƙara ya kafa hujja da ƙirar gida, kotun ta ce kasancewar abu na da amfani na halal bai wanke shi ba, tunda sai ya tsallake matakan tsaron na'urar kafin ya yi aiki.

Ba ko'ina aka tafi a kan layi ɗaya ba. A Faransa kotun farko ta wanke kamfanin Divineo a ƙarshen 2009, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta juya hukuncin a 2011. Wanda ya fi shiga zuciyar maganar shi ne na Kotun Tarayyar Turai a Janairun 2014, a shari'ar Nintendo da kamfanin PC Box na Italiya. Ta ce doka na kare makullin da kamfani ya sa wa na'urarsa, amma sai makullin ya kasance daidai gwargwado, kada ya hana abin da ba laifi ba fiye da kima. Kuma alƙali ya duba me mutane ke yi da kaset ɗin a zahiri. Da shari'ar ta koma Milan, Nintendo ne ya yi nasara. A Kanada a 2017 an ci wani kamfani diyyar sama da Dalar Kanada miliyan 12. A Amurka a 2022 aka yanke wa Gary Bowser na ƙungiyar Team Xecuter, masu sayar da kayan karya makullin gem, ɗaurin wata 40.

Abin lura a duk waɗannan shi ne masu ƙerawa, masu shigowa da masu sayarwa ake bi, ba yaron da ke wasa a ɗakinsu ba.

## A Najeriya fa?

Hukuncin Ingila ko Japan ba ya aiki a Ikeja. Abin da ke aiki shi ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta maye gurbin tsohuwar, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Wurare biyu ne suka shafi wannan batu.

Na farko kwafi. Manhajar kwamfuta na cikin ayyukan da dokar ke karewa, kuma Najeriya na cikin Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, saboda haka aikin Bajapane na da kariya a nan. Tsufa ba ya fitar da wasa daga kariya da wuri: ko da an auna shi da wa'adin shekara 50 da ake ba ayyukan gani-da-ji, wasan da ya fito da Game Boy a 1989 bai kai ba tukuna. Wanda ya cika memori da wasanni ya sayar, matsayinsa ɗaya da mai tura fim a waya ba da izinin mai fim ba, harkar da masu shirya finafinan Hausa suka daɗe suna kuka da ita.

Na biyu sabon abu ne da dokar ta faɗaɗa: ta hana karya makullin fasaha da ke kare aiki, ta kuma hana ƙerawa, shigowa ko sayar da kayan da babban aikinsu shi ne karya shi. A nan ne zamanin na'ura ke da tasiri. Game Boy na farko ba shi da wani makulli na kirki. Abin da yake dubawa kawai shi ne tambarin Nintendo da wasu 'yan lambobi a farkon kaset. DS na da ɓoyayyen rubutu tsakaninta da kaset, 3DS da Switch kuma tsaronsu ya ninka haka. Hujjar cewa wayam ɗin kaset na Game Boy kayan karya makulli ne tana da rauni. Ta MIG kuwa tana da ƙarfi. Dokar ta bar ƙofar amfani na adalci, har da amfanin kai, amma wannan ƙofa ba ta ɗaukar mai sayarwa.

Ga masu tambaya ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ke kiyayewa. Akwai malaman da suka sassauta a kan kwafin amfanin kai, amma wannan ita ce matsayar da aka fi kafa hujja da ita.

## Hujjar kowane ɓangare

Kamfanoni na cewa kuɗin wasa shi ke biyan masu rubuta shi, kuma ƙananan kamfanoni ne suka fi jin jiki a zamanin R4, ba Nintendo ba. Suna ƙarawa da cewa yawancin masu sayen kaset ɗin ba ƙirar gida ta kai su ba. Wanda ya taɓa tsayawa a shagon gem a Alaba zai yi wuya ya musa wannan.

Masu kare kaset ɗin kashi uku ne, kuma ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne. Masu ƙirar gida na cewa na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa tasa ce, yana da ikon kunna abin da ya rubuta a kanta. Wannan ita ce hujjar da Kotun Turai ta ba muhimmanci. Masu adana tarihi na cewa wasan da kamfani ya daina sayarwa, kwafarsa ba ta rage masa ko kwabo. Magana ce mai ma'ana ta fuskar tattalin arziki, amma doka ba ta san wani rukuni na "wasan da aka watsar" ba, kuma Nintendo na sake fitar da wasu tsofaffin wasannin Game Boy ga masu biyan kuɗin Nintendo Switch Online. Na uku su ne masu cewa kasuwar da kamfani bai damu da ita ba, bai yi asarar komai a cikinta ba. Wannan na bayyana dalilin da ya sa abin ke faruwa, amma ba kariya ba ce a gaban alƙali.

Akwai kuma mai kaset na asali da ya kwafi nasa don kada ya lalace. A ɗabi'ance shi ne ya fi kowa tsabta, sai dai a kan Switch shi ma bai tsira ba.

## Inda Switch ta bambanta

DS da Game Boy ba sa kai ƙara gida. Babu wata hanyar da Nintendo zai san abin da ke cikin DS ɗin da ke hannun yaro a Mile 12, balle ya toshe ta. Switch kuwa kowane kaset nata na ɗauke da lambar shaida tasa shi kaɗai, kuma na'urar na magana da kamfanin duk lokacin da ta hau intanet. MIG, wanda ya shigo kasuwa a farkon 2024, yana aiki ne da kwafin wasa haɗe da wannan lamba. Idan kamfanin ya ga alamar kwafi, ko lamba ɗaya a na'urori da yawa, sai ya ɗauki mataki.

A Mayun 2025 Nintendo ya sabunta yarjejeniyar masu amfani ta Amurka, ya rubuta cewa yana iya mai da na'urar wanda ya karya sharuɗɗa mara amfani har abada. Abin da aka gani a aikace shi ne toshewa daga intanet, da lambar kuskure 2124-4508. Na'urar ba ta ƙonewa, kaset na asali na ci gaba da tashi, amma babu shiga shago, babu wasa da wasu ta intanet. A Switch 2 wannan ya fi ciwo, domin wasu kasusuwanta mabuɗi ne kawai, sai an sauke wasan daga intanet.

Toshewar na bin na'ura ne, ba mai ita ba. Ga garin da ya dogara da tokumbo, nan ne gizo ke saƙa. Wanda aka toshe wa na'ura a Turai na iya sayar da ita, ta bi kwantena ta sauka a Apapa, ta ƙare a hannun wanda bai taɓa jin sunan MIG ba. Kaset na hannu ma haka: in mai shi na farko ya kwafe shi kafin ya sayar, lambar tana yawo a wurare biyu. An samu rahoton wanda aka toshe bayan ya sayi tsofaffin wasanni ta Facebook, aka buɗe masa da ya nuna shaidar saye. Mai saye a Legas, wanda sau da yawa ko rasit ba a ba shi ba, da wuya ya samu wannan sauƙin.

## Abin da ya rage ga mai saye da mai shago

Ga uban da ya sayi DS da R4, babu barazanar toshewa. Matsalolinsa na kusa su ne jabun memori, wanda ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai ba, sai wasanni su riƙa lalacewa, wa'adin kanel, da cin batiri, domin kaset mai memori ya fi na asali jan wuta. Yana da kyau a kwafe fayilolin kanel a ajiye a kwamfuta tun ranar saye, don shafukan yawancin masana'antun sun daɗe da rufewa. Jerin wasanni ɗari biyun nan kuma babu wanda ya tace su da shekarun yaro. Duba su aikin iyaye ne.

Ga mai shago, nauyin doka ya fi sauka a kan lodi. Sayar da wayam ɗin kaset na tsohuwar na'ura daban, sayar da shi cike da wasannin mutane daban, shigo da MIG kuma ya haɗa laifin kwafi da na karya makulli. Masu gyara sun ma fara ganin kasuwar na sauyawa, tunda 3DS da PSP na kamfanin Sony ba sa buƙatar kaset don kunna ƙirar gida, manhajar cikinsu ake sauyawa, yara da yawa kuma sun koma waya.

Wanda zai sayi Switch ko Switch 2 ta hannu, gwajinsa a shago yake, kafin kuɗi ya bar aljihu: ya kunna intanet ɗin wayarsa, ya haɗa na'urar, ya gwada shiga shagon Nintendo. Idan lambar kuskuren toshewa ta fito, babu mai gyara a Computer Village ko Alaba da zai iya cire ta, domin a ma'ajiyar kamfanin aka rubuta ta. Ya kuma nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, da yarjejeniyar dawo da kaya in toshewa ta bayyana daga baya.